Daga Gida Zuwa Jami'a: Ƙabila, Harshe da Nisan Gari a Rayuwar Ɗaliban Libreville

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce tafiya mabuɗin ilimi. Tun kafin zuwan boko, almajiri yakan bar garinsu ya yi gabas, ko ya nufi Zariya ko Katsina neman karatu, kuma duk inda ya sauka sai ya nemi abu biyu: malamin da zai karantar da shi, da gidan da zai riƙa samun tuwo. A yau ma ɗalibin da ya gama sakandare yakan ɗaure kayansa ya bar gida zuwa jami'a. Sai dai tafiyar ba ta zuwa wa kowa daidai. Wani motar haya ɗaya zai shiga da safe ya dawo gidansu da yamma. Wani kuwa sai ya kwana a hanya, ya sauka a garin da ba a jin harshensa, kuma bai san inda zai shimfiɗa tabarma ba.

Wannan takarda za ta dubi irin wannan ƙaura a ƙasar Gabon, musamman a babban birninta, Libreville. An zaɓi Gabon ne saboda dalilai uku. Na farko, ƙasa ce mai faɗi amma mai ƙarancin jama'a, kuma kusan duk manyan makarantunta suna wuri ɗaya. Na biyu, tana da ƙabilu da harsuna masu yawa, amma babu ko ɗaya daga cikin harsunan da ya zama harshen hulɗa na kowa da kowa kamar yadda Hausa ta zama a Arewacin Nijeriya da Nijar. Na uku, akwai Hausawa 'yan ƙasa a cikinta. Abin da takardar take son nunawa shi ne, nisan gari da samun masauki su ne suka fi bambanta ɗalibi da ɗalibi. Ƙabila ita ce igiyar da ɗalibi yake kamawa domin ya tsallake wannan nisa, harshen gida kuwa shi ne yake kwana a ciki.

2.0 Ƙasar Gabon da Yadda Jama'arta Suke Zaune

Gabon tana Afirka ta Tsakiya, a bakin Tekun Atlantika. Ta yi iyaka da Kamaru da Ikwatoriyal Gini daga arewa, da Kwango Brazzaville daga gabas da kudu. Faɗinta murabba'in kilomita 267,667 ne, wato ta ninka Jihar Kano kimanin sau 13. Amma a ƙidayar shekarar 2013 mutanenta miliyan 1.8 ne kacal, alhali Jihar Kano kaɗai ta haura miliyan 9 a ƙidayar 2006. Fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasar kurmi ne mai duhu, kuma kogin Ogooué, mai tsawon kilomita kusan 1,200, ya ratsa ta daga kudu maso gabas har zuwa teku.

An raba ƙasar zuwa larduna tara. Ga su tare da manyan garuruwansu: Estuaire (Libreville), Haut-Ogooué (Franceville), Moyen-Ogooué (Lambaréné), Ngounié (Mouila), Nyanga (Tchibanga), Ogooué-Ivindo (Makokou), Ogooué-Lolo (Koulamoutou), Ogooué-Maritime (Port-Gentil) da Woleu-Ntem (Oyem). Sai dai larduna tara ba su raba jama'a kashi tara ba. A ƙidayar 2013, lardin Estuaire kaɗai ya ɗauki kusan rabin mutanen ƙasar, birnin Libreville kuma yana da mutum fiye da dubu 700. Sana'ar katako tun zamanin Turawa, sannan man fetur da ma'adinin manganis bayan samun mulkin kai a 1960, su ne suka kwashe mutane daga ƙauyuka zuwa birane, har Gabon ta zama ɗaya daga cikin ƙasashen Afirka da mazauna birni suka fi rinjaye a cikinsu.

Shi kansa birnin Libreville baƙi ne suka ba shi suna. Asalin mazauna wurin su ne Mpongwe, waɗanda sarkinsu Denis ya ƙulla yarjejeniya da Faransawa a 1839. A 1849 Faransawa suka zaunar da wasu bayi da aka ƙwato daga wani jirgin fataken bayi, aka kira wurin Libreville, wato garin 'yantattu, kamar dai Freetown ta Saliyo. Unguwannin Glass da Louis na yau tsofaffin ƙauyukan Mpongwe ne.

3.0 Ƙabilu da Harsuna

Masana suna ƙiyasta ƙabilun Gabon tsakanin 40 da 50. Mafi yawa su ne Fang, waɗanda suke zaune a arewa da kewayen Libreville, kuma suna da 'yan'uwa a Kamaru da Ikwatoriyal Gini. A kudu akwai Punu da Nzebi da Tsogo. A bakin teku da ƙasan kogin Ogooué akwai rukunin Myene, wanda ya haɗa Mpongwe da Orungu da Galwa da Nkomi. A kudu maso gabas akwai Teke da Obamba, a arewa maso gabas kuma akwai Kota. Ban da waɗannan akwai mutanen daji irin su Baka, waɗanda suka riga kowa zama a kurmin.

Kusan duk harsunan nan na iyalin Bantu ne, in ban da Baka. Wani masanin harshe ɗan ƙasar, Kwenzi-Mikala, ya bi wata hanya mai ban sha'awa wajen karkasa su. Ya lura cewa mai magana yakan buɗe zance da wata kalma mai ma'anar "na ce", sai ya tara kare-karen harshen da suke buɗe zance iri ɗaya a rukuni guda. Ta haka ya fitar da rukunai goma. Alal misali, rukunin Fang shi ne Mazuna, na Punu da danginsu Merye, na Nzebi Metye, sunan Myene kuwa dama daga wannan kalma ya samo asali. A Faransa ma an taɓa raba harsunan kudu da na arewa ta la'akari da yadda kowane yake cewa "i". Ɗalibin harshe zai gane cewa wannan ba ita ce hanyar kwatanta harsuna ta tarihi ba, amma tana nuna yadda su masu harsunan suke gane junansu da zarar mutum ya buɗe baki.

Akwai wani bambanci da ya shafi batunmu kai tsaye, wato yadda ake lissafin dangi. Fang ta wajen uba suke bin zuri'a, kuma kowa ya san ayong ɗinsa, wato zuriyar da ya fito. Wannan kalma ce take cikin sunan babbar unguwar nan ta Libreville, Nzeng-Ayong. Punu da Nzebi kuwa ta wajen uwa suke bi, saboda haka a al'adance kawu yana da babban haƙƙi a kan 'ya'yan 'yar'uwarsa. Idan muka faɗa da Hausa, ɗalibin Fang ya fi sa ran gidan baffansa, ɗalibin Punu kuma gidan kawunsa, ko da yake zaman birni ya sassauta waɗannan ƙa'idoji.

Ilimin boko ma bai shiga ƙasar lokaci ɗaya ba. 'Yan mishan na Amurka sun kafa tasharsu a Baraka, cikin Libreville ta yau, a 1842, 'yan Katolika na Faransa suka biyo baya a 1844. Tun a 1847 aka buga nahawun harshen Mpongwe. Ke nan mutanen bakin teku sun riga na cikin ƙasa shiga makaranta da shekaru masu yawa, kamar yadda Legas da Abekuta suka riga Sakkwato da Borno.

4.0 Inda Jami'o'i Suke

Kafin 1970, ɗan Gabon da yake son karatun jami'a sai ya fita waje, zuwa Brazzaville ko Dakar ko Faransa. A 1970 aka kafa Jami'ar Ƙasa ta Gabon a Libreville, a 1978 aka sauya mata suna zuwa Jami'ar Omar Bongo. Ta zauna ita kaɗai har 1986, lokacin da aka buɗe Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Masuku a Franceville, lardin da Shugaba Omar Bongo ya fito. A 2002 aka cire fannin likitanci aka mai da shi Jami'ar Kimiyyar Lafiya, a Owendo, wadda take manne da Libreville. Abin da ya rage wa Jami'ar Omar Bongo shi ne tsangayar adabi da ilimin zamantakewa, da tsangayar shari'a da tattalin arziki. Babbar makarantar horar da malamai da mafi yawan makarantu masu zaman kansu su ma a Libreville suke. A shekarun 2000 an yi alkawarin gina jami'o'i a Oyem da Mouila da Port-Gentil, amma shekaru suka yi ta shuɗewa ba a cika alkawarin ba.

Wannan rabo yana da ma'ana ga ɗalibi. Fannin da ya zaɓa shi ne yake zaɓa masa gari. Mai son shari'a ko tarihi ko nazarin harshe ko likitanci, daga ko'ina yake, Libreville zai nufa. Mai son lissafi ko injiniya ko aikin gona, ko da a Libreville aka haife shi, yana iya samun kansa a Franceville. Ke nan ƙaurar tana da fuska biyu, amma wadda take gangarowa bakin teku ta fi yawa nesa ba kusa ba.

5.0 Hanya

Idan aka dubi taswira kawai, ba za a gane wahalar tafiya a Gabon ba. Daga Lambaréné zuwa Libreville kimanin kilomita 250 ne, daga Oyem kimanin 400, daga Makokou ko Tchibanga kuwa fiye da 500. Amma kurmi da koguna da ruwan sama suna ƙara wa kowace kilomita nauyi. Ruwan da yake sauka a Libreville a shekara ya kusa ninka na Kano sau uku, kuma babbar damina takan kankama ne a wajen watan Oktoba, daidai lokacin da makarantu suke komawa.

Larduna na gabas da kudu maso gabas sun dogara ne a kan layin dogo guda ɗaya, wanda ya tashi daga Owendo ya isa Franceville a 1986, mai tsawon kilomita kusan 650. A watan Disamba na 2022 zaftarewar ƙasa ta yanke wannan layi a kusa da Booué, aka yi makonni jirgi bai wuce ba. Port-Gentil kuwa, birni na biyu a girma kuma cibiyar man fetur, ruwa da fadama ne suka kewaye ta, don haka mutanenta sun saba zuwa Libreville ta jirgin ruwa ko jirgin sama. A watan Maris na 2023 jirgin ruwan fasinja mai suna Esther Miracle ya nutse tsakanin biranen biyu, mutum aƙalla 30 suka rasu.

Daga nan za a ga cewa ɗalibai uku da suka ci jarrabawa ɗaya ba su fara daga wuri ɗaya ba. Ɗan Libreville tasi zai hau. Ɗan Lambaréné yana iya leƙa gida idan an sami hutun 'yan kwanaki. Ɗan wani ƙauye a bayan Makokou kuwa, da wuya ya ga iyayensa fiye da sau ɗaya a shekara, kuma idan an yi rasuwa sai dai ya ji a waya. Bugu da ƙari, zuwa jami'a sau da yawa ƙaura ce ta biyu a rayuwarsa, domin manyan makarantun sakandare a garuruwa suke, kuma tun yana ɗan shekara 12 ko 13 ya bar ƙauye ya zauna a hannun wani.

6.0 Masauki da Tallafi

A nan ne ƙabila take shigowa. Jami'ar Omar Bongo an gina ta ne domin ɗalibai 'yan dubbai, amma yawansu ya ninka abin da aka tsara mata sau da yawa. A 2014 aka rufe ɗakunan kwanan ɗalibai, kuma suka yi shekara da shekaru a rufe. Libreville kuwa tana cikin biranen Afirka masu tsadar rayuwa, saboda yawancin abincinta daga waje ake kawo shi. Ɗalibin da ya zo daga nesa zaɓi uku gare shi: ya sauka a gidan dangi, ko ya haɗa kuɗi da abokai su kama ɗaki a unguwannin talakawa da ake kira mapane, ko ya nemi wuri mai araha a bayan gari, a unguwannin da ake kira da lambar kilomita, irin su PK8 da PK12, ya riƙa kashe kuɗin mota kullum.

Duk cikin ukun nan, da ɗan gari kan ci gari. Wanda ƙabilarsa ko lardinsa suke da mutane da yawa a birni ba ya rasa baffa ko kawu ko goggo. Wanda ya fito daga ƙaramar ƙabila, ko daga gidan da ba a taɓa samun ma'aikacin gwamnati ba, yana iya sauka a tasha babu mai tarbarsa. Ƙungiyoyin ɗalibai 'yan lardi ɗaya ko 'yan gunduma ɗaya suna rage wannan giɓi: su ne suke nuna wa sabon zuwa inda ake rajista, su ara masa littafi, su tara kuɗi idan ya kwanta rashin lafiya. Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin aikin da zango da mai masauki suka yi wa fataken goro a Gwanja ke nan. Sai dai zama a gidan dangi yana da nasa farashi. Ɗalibi, musamman ɗaliba, yakan biya da aikin gida da renon yara, lokacin da abokan karatunsa suke bitar darasi.

Gwamnatin Gabon ta daɗe tana ba ɗalibai kuɗin tallafi, kuma ga ɗan nesa wannan kuɗi shi ne haya, shi ne abinci. Shi ya sa jinkirin biyansa yake yawan haddasa zanga-zanga. A 2019 gwamnati ta fito da sabon sharaɗi: sai wanda bai wuce shekara 19 ba, kuma ya sami maki 12 cikin 20 a jarrabawar gama sakandare, zai sami tallafi. A watan Afrilu na shekarar 'yan makaranta suka fito kan tituna a Libreville da wasu garuruwa, har aka rufe makarantu, daga baya aka sassauta sharaɗin. A takarda dokar ba ta ambaci wani lardi ba. Amma yaron ƙauye, wanda ya shiga makaranta a makare ko ya maimaita aji saboda rashin malami, shi ne sharaɗin shekaru ya fi kamawa. Wannan misali ne na yadda doka ɗaya take sauka a kan mutane da nauyi daban-daban gwargwadon inda suka fito.

Ya kamata a ambaci siyasa a taƙaice. Shugaba na farko, Léon Mba, Fang ne. Omar Bongo, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 2009, ɗan ƙaramar ƙabilar Teke ne, kuma ya riƙe ƙasar ta hanyar rarraba muƙamai tsakanin larduna da ƙabilu. Wannan tsari ya taimaka wajen zaman lafiya, amma ya koya wa matasa cewa samun aiki yana bin wanda ka sani daga yankinku. Saboda haka ƙungiyar 'yan lardi a jami'a tana da amfani biyu: masauki a yau, hanyar aiki a gobe.

7.0 Harshe a Harabar Jami'a

Ɗan Fang da ɗan Punu idan suka haɗu a aji, ba su da harshen gida da zai haɗa su. Faransanci ne kaɗai. Shi ne harshen koyarwa tun daga firamare, shi ne na ofis da kasuwa da tasi. A Libreville, inda auratayya tsakanin ƙabilu ta yi yawa, yara da dama sun tashi da Faransanci a matsayin harshen farko, suna jin harshen iyayensu sama-sama ko ma ba sa ji. Daga nan sai aka sami ɗalibai iri biyu. Ɗan birni ya fi sakin baki da Faransanci, amma idan aka tambaye shi inda ya fito sai ya ambaci lardin da wataƙila bai taɓa kwana a cikinsa ba. Ɗan ƙauye ya riƙe harshensa da kyau, amma lafazinsa yana tona asalinsa, kuma yakan ji nauyin ɗaga hannu a cikin babban ɗakin lacca.

Faransancin ma ba na Faris ba ne. Matasa suna da nasu salon magana da ake kira toli bangando, wanda yake gauraya Faransanci da kalmomin gida da na Ingilishi. A bakin jama'a makaya shi ne talaka, mamadou kuma mai hannu da shuni. Sabon ɗalibi sai ya koyi harshe biyu a lokaci guda: Faransancin littafi domin malami, da na titi domin abokai. Harshen gida kuwa sai ya koma na waya da taron 'yan lardi da zaman makoki.

An yi ƙoƙarin tallafa wa harsunan ƙasar. Limamin Katolika André Raponda-Walker, wanda ya rayu daga 1871 zuwa 1968, ya tattara ƙamus da tatsuniyoyi da al'adu, kuma gidauniyar da take ɗauke da sunansa ta wallafa littattafan koyon harsunan gida masu suna Rapidolangue. A 1989 masana suka tsara haruffan rubuta harsunan Gabon a wani taro a Jami'ar Omar Bongo. Duk da haka, harsunan ba su zama na koyarwa ba. Abin lura shi ne, kundin tsarin mulkin da aka amince da shi a ƙuri'ar raba gardama ta Nuwamba 2024 ya sharɗanta cewa mai neman shugabancin ƙasa sai yana jin aƙalla harshe ɗaya na gida. Wato harshen da makaranta ta bari a bakin ƙofa, shi ne doka take nema a matsayin shaidar zama ɗan ƙasa na asali.

8.0 Ɗalibi Bahaushe

Hausawa sun shiga arewacin Gabon ta Kamaru a matsayin fatake, a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20. A tsakanin 1911 da Yaƙin Duniya na Ɗaya, yankin Woleu-Ntem yana ƙarƙashin Jamusawan Kamaru, abin da ya sa shi da kudancin Kamaru suka zama kasuwa ɗaya. Zuriyar waɗannan fatake suna nan a garuruwa irin su Oyem da Bitam, da unguwanninsu da masallatansu.

A ɗauki ɗalibi daga irin wannan gida. Yana iya tashi da Hausa a cikin gida, da Fang a unguwa da kasuwa, da Faransanci a makaranta, da Larabcin allo. Idan ya zo Libreville, igiya biyu ce a hannunsa. Ta wajen lardi, shi ɗan arewa ne tare da 'yan Fang da suka yi sakandare tare. Ta wajen harshe da addini kuwa, yana da 'yan'uwa a cikin 'yan kasuwar da suka zo daga Nijar da Nijeriya da Kamaru, waɗanda ake samu a manyan kasuwanni irin su Mont-Bouët. Wannan yana sauƙaƙa masa masauki da abincin halal. Amma yana jawo masa wata tambaya, domin wanda bai san tarihi ba yana iya ɗaukarsa baƙo saboda sunansa da shigarsa, alhali kakanninsa a ƙasar aka binne su. Ga mai nazarin Hausa, wannan fage ne mai kyau na bincike: wace irin Hausa ce ake yi a Oyem da Bitam, kalmomi nawa ta ara daga Fang da Faransanci, kuma jikoki suna riƙe da ita ko suna sakinta?

9.0 Kwatanci da Nijeriya da Nijar

Nijeriya ta tunkari wannan matsala ta hanyar doka. Bayan kafa hukumar JAMB a 1978, aka tsara rabon guraben jami'o'in tarayya: kashi 45 cikin 100 bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da suke kewaye da jami'a, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Ta kuma yawaita jami'o'i: Zariya a 1962, Sakkwato a 1975, Kano ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, daga baya kusan kowace jiha ta sami tata. Sakamakon haka ɗalibi ya sami jami'a kusa da gida, amma da yawa sukan gama digiri ba su taɓa zama da wata ƙabila ba sai a bautar ƙasa, wadda aka kafa a 1973.

Nijar ta fi kama da Gabon. Shekaru kusan 40 jami'ar gwamnati ɗaya ce a Yamai, ɗan Diffa sai ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,300 kafin ya isa. A 2010 aka kafa jami'o'i a Maraɗi da Tawa da Damagaram, a 2014 kuma aka ƙara a Agadas da Diffa da Doso da Tillaberi. Babban bambanci shi ne harshe. Ɗalibin da ya sauka a Kano ko Maraɗi, ko Bafulatani ne ko Babarbare ko Buzu, yana da Hausa da zai yi ciniki da ita ya tambayi hanya. A Libreville wannan gurbi Faransanci ne ya cike shi.

10.0 Kammalawa

An ga yadda tattaruwar makarantu a Libreville, da wahalar hanya, da tsadar birni suke sa ɗalibai su fara karatu daga matakai daban-daban. An ga kuma cewa ƙabila da lardi su ne suke samar wa ɗan nesa masauki da jagora, gwargwadon yawan mutanensa a birni da ƙarfinsu. Tara ɗalibai a wuri ɗaya yana da alfanu, domin a nan ne ɗan Oyem da ɗan Tchibanga suke zama a benci ɗaya, har a ƙulla abota da aure. Kai jami'a kusa da gida yana rage wahala, amma yana rage wannan cuɗanya. Kowace ƙasa sai ta auna biyun. Abin da ya rage ga ɗalibin harshe shi ne ya lura da abin da yake faruwa da harshen uwa a wannan tafiya, ko a Libreville ko a harabar jami'ar da yake zaune a ciki.

Tambayoyin Nazari

1. Kawo dalilai uku da suka sa tafiya jami'a ta fi yi wa ɗan Makokou wuya a kan ɗan Libreville.
2. Bayyana hanyar da Kwenzi-Mikala ya bi wajen karkasa harsunan Gabon. Idan aka gwada ta a kan Kananci da Sakkwatanci da Katsinanci, wace kalma za ka zaɓa?
3. Kwatanta matsayin Faransanci a Libreville da matsayin Hausa a Kano.
4. Tambayi ɗalibai biyar da suka zo daga nesa inda suka fara sauka, da harshen da suke amfani da shi a aji, da ɗakin kwana, da waya. Rubuta sakamakon a shafi biyu.